Marin da Isiyaku Ya Ƙera wa Ɗansa

To, ku gyara zama, ga wata na kawo muku, kuma ba ta dariya ba ce. Mai gyangyaɗi ya tashi ya wanke ido, domin in na kai ƙarshe sai kowa ya faɗi nasa. Yau ba wanda zai ce "Allah ne masani" ya sulale.

A garin Kwarin Gawo an yi wani maƙeri ana ce masa Isiyaku. Mutum ne mai kyan hannu, garmar da ya ƙera sai ta ci damina da damina ba ta ko lanƙwashe ba. Ba shi da hayaniya, ba ya cin haƙƙin kowa. Matarsa sunanta Sa'ade, ɗansu na fari kuwa Lurwanu.

Kun dai san yadda ake yi da ɗan fari a wurarenmu. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, kowa sai ya nuna kamar bai san da shi ba. Ana yaye Lurwanu aka kai shi wurin kakarsa, mahaifiyar Isiyaku, can bayan gari. Tsohuwar nan ta riƙe shi riƙon gaske. Tun safe har faɗuwar rana bakinta ba ya hutawa: Lurwanu zo ka ci, Lurwanu ina ka shiga, Lurwanu mijina raggo. A haka ya girma har ya fara tasawa, sai Allah ya karɓi abarsa.

Aka kwaso shi da 'yan kayansa aka kawo shi gidan ubansa. Ya tarar da ƙanne, kowa ana kiransa da sunansa, ana goya wannan ana lallashin wancan. Shi kuwa in za a ba shi tuwo sai Sa'ade ta ce wa ƙanwarsa, "Miƙa wa wancan." In Isiyaku zai aike shi sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa yaron nan ya ɗebo gawayi." Ba ƙiyayya ba ce, ku fahimce ni. Isiyaku yana son yaron har cikin ransa. Yakan saci kallonsa in ya juya baya, ya ga kafaɗunsa irin nasa sak, ya ji daɗi ya haɗiye abinsa. Kunya ce kawai da ya tarar ana yi, shi ma ya ɗora a kai. Amma don Allah wa ya taɓa zaunar da yaron ya gaya masa haka? Babu ko ɗaya.

Ba a jima ba Lurwanu ya zama abin da ya zama. Ya kwance akuyar maƙwabta ya kora ta gonar mutane. Ya watsa wa 'yan talla ƙasa a cikin fura. In yara suna langa sai ya faɗa tsakiyarsu ya bangaje wannan ya ciji wancan, wasa ya watse. A makaranta ba wanda ke yarda ya zauna benci ɗaya da shi. Kullum sai an kawo ƙara ƙofar gida, kullum sai Isiyaku ya ajiye masaba ya ɗauki dorina.

Nan fa kowa a unguwa ya zama likita. Wannan ya ce aljanu ne, aka yi turare har gidan ya koma kamar ana gasa masara. Wancan ya ce kakarsa ce ta sangarta shi, duka ne maganinsa, aka ƙara duka. Wata ta rantse ƙwaya yake sha, aka zazzage aljihunsa ba a sami komai ba sai ƙwallon goriba. Manya da gemu, kowa da maganinsa a hannu, amma ba wanda ya tsaya ya tambayi mene ne ciwon tukuna. Abin nan yana ba ni haushi har yau.

Ranan nan da farkon damina, Lurwanu ya ɗauki dutse ya fasa wa Bashari ɗan Mudi tela baki, haƙori ya fita. Mudi ya je wurin mai unguwa da rigar ɗansa jina-jina, ya ce ko a kai yaron gidan mari ko shi ya kai magana gaba. Mai unguwa ya dubi Isiyaku ya ce a kai shi. Kun san gidan mari ai, inda ake ɗaure ƙafafun yaro da ƙarfe, ana dukansa safe da yamma, wai har sai ya shiryu. Wasu su fito sun fi da lalacewa, wasu su fito ƙafa ta ruɓe.

Isiyaku ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Ya ce a ransa, tun da abin ya zama dole, ba zai bari a sa wa ɗansa tsohon mari mai tsatsa ba, shi zai ƙera da hannunsa, ya goge bakin ya yi sumul don kada ya ci masa fata. Iyakar gatan da ya ga zai iya yi masa ke nan, ku ji fa. Da hantsi ya sa aka kira yaron zuwa maƙera, ya tsuguna da 'yar igiya ya kama ƙafarsa zai gwada. Ya zaci zai yi kokawa. Sai yaron ya miƙa ƙafar salin-alin, har da gyara ta, ya zuba wa uban ido. Tun da ya dawo gidan, ran nan ne hannun ubansa ya fara taɓa jikinsa ba da bulala ba. Isiyaku ya kau da kai, ya hura wuta, ya ƙera marin.

Mutane uku ne suka shiga tsakanin yaron nan da ƙarfen nan, sai ku bi ni a hankali.

Ta farko ita ce Kulu, yayar Isiyaku, mai suyar ƙuliƙuli a Tudun Kanya, hayin rafi. Labari ya kai mata, ta bar man gyaɗa a kan wuta ta ƙetare ruwa har ƙugu. Ta iso maƙera zane a jiƙe, ta tarar marin yana hucewa. Ta sa hannu ta ɗauke ta ƙulle a gefen zane.

"Isiyaku, da ranka da lafiyarka, wannan ka ƙera wa jinin gidanmu?"

"Yaya, mai unguwa ne ya yanke."

"To, ni ma ina da bakin zuwa wurin mai unguwar."

Ta je ta zauna a ƙofar zaurensa cikin rana, ta ce ba ta tashi. Ta bai wa Mudi haƙuri har da durƙuso, ita da ta girme shi nesa ba kusa ba. Da ƙyar aka yarda aka ɗaga maganar har a cire amfanin gona, in yaron bai sauya ba a tafi da shi. Daga nan kullum da safe sai ta aiko a rako shi wurinta. Ta sa shi matsar tunkuza har ƙarfin faɗan ya ƙare a nan. Ta sa shi miƙa wa yara ƙuliƙuli ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe su, ya jira su amsa. In ya fizge abu ta ce ya mayar ya roƙa, in ya sake ta ce ya sake mayarwa, ko sau nawa ne, ba zagi ba duka. In ransa ya ɓaci ta tura shi bakin rafi ya wanke fuska ya dawo. A wurinta ya koyi yadda ake shiga cikin yara a ce "ku sa da ni", maganar da bai taɓa sani ba. Sai dai wani abu ya ɗaure wa Isiyaku kai. A hayi yaron lafiya lau yake wuni, amma da ya dawo unguwa da la'asar sai a ji kukan ɗan wani.

Na biyu shi ne Malam Nafi'u, malamin makarantar su Lurwanu, wanda ya yi karatu a kan halayyar yara. Shi bai zo da magani ba, da tambaya ya zo. Ya fara kai yaron asibiti aka duba kunnensa da idonsa da jininsa, aka ce ƙalau yake, ba ƙwaya ba komai. Sannan ya bi gida gida, duk wanda aka taɓa yi wa ɓarna ya tambaye shi: a ina aka yi, da wane lokaci, me ya faru kafin nan, me ya biyo baya. Mutane suna yi masa dariya, wai malamin boko ya zama ɗan sanda. Ya bar yaron ya saba da shi, suna gyaran keke tare, bai matsa masa ba, har ran da Lurwanu da kansa ya faɗi abin da Bashari ya ce masa kafin jifan. Cewa Bashari ya yi, "Kai da ko uwarka ba ta san sunanka ba."

Malam Nafi'u ya zo maƙera ya sami Isiyaku. Ya ce, "Baba Isiyaku, na lura duk ɓarnar yaron nan a kusa da gidanku yake yin ta, inda za a jiyo daga tsakar gida. Ina da tambaya ɗaya. Yaushe mahaifiyarsa take kiran sunansa?"

Isiyaku ya buɗe baki zai ce ba ta kira, sai ya tuna. Tana kira mana. Duk ran da aka kawo ƙara, haushi ya ci ƙarfin kunya, takan fito ta ce, "Lurwanu, za ka kashe ni." Shi ma kansa sai dorina tana hannunsa yake dubar yaron ido cikin ido. Ashe yaron ya gano hanya ɗaya ce tak da ake ganinsa a gidan ubansa, ita yake bi kullum, ya karɓi dukan a matsayin kuɗin shiga. 

Amma malamin ya yi wauta irin ta masu ƙuruciya. Bai ja Isiyaku gefe ba, a gaban masu jiran lauje da fartanya ya faɗi maganar, kafin azahar ta zaga gari. Kulu ma da ta ji sai ta yi tsalle ta dire. Ta ce ita ma 'yar fari ce, har uwarsu ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanta ba, ga ta nan ba ta jefi kowa ba. Ta manta ita a hannun kaka ta zauna har aka kai ta ɗakin miji, ba a taɓa dawo da ita ta zauna tana kallon ana kiran wasu ana tsallake ta ba. Duk da haka Malam Nafi'u bai janye ba. Ya tsara musu yadda za a yi: a daina duka, in yaron ya yi ɓarna a sa shi ya gyara abin da ya ɓata ba tare da hayaniya ba, in kuwa ya yi abin kirki komai ƙanƙantarsa, uwarsa ta kira shi da sunansa ta sa masa albarka. Ya kuma gargaɗe su cewa abin zai ƙara tsanani kafin ya lafa.

Ta uku ita ce Sa'ade, ita da maganin ya faɗo a kanta. Ku da kuke zaune nan kuna ganin abu ne mai sauƙi, ko? Matar da tun tana amarya aka koya mata cewa kiran sunan ɗan fari rashin tarbiyya ne, ga kuma gari ya riga ya sa mata ido saboda bakin malam. Ta yi kwanaki tana gwadawa a ɗaki ita kaɗai, sunan ya ƙi fita. Isiyaku yana jin ta ta bayan ƙofa.

Aka yi suna a gidan maƙwabta, mata cike da tsakar gida, har da mahaifiyar Sa'ade da ta zo daga ƙauye. Wata tsohuwa ta zo wucewa da tulu, Lurwanu ya karɓa ya kai mata har bakin randa, kamar yadda ya saba yi a wurin gwaggonsa. Sa'ade ta miƙe ta ce, "Lurwanu, Allah ya yi maka albarka." Sai mata suka kwashe da shewa. Wata ta ce kunya ta ƙare a duniya, wata ta ce gobe kuma goya shi za ta yi. Mahaifiyar Sa'ade ta ɗauki mayafi ta fice ko sallama babu, ta aiko cewa ba ita ta haifi marar kunya ba. Yaron kuwa ya tsaya bakin randa kamar an dasa shi, can ya ruga bayan gidansu. Isiyaku ya same shi a can yana kuka irin wanda bai yi ba ko ran da aka binne kakarsa.

Yadda malam ya faɗa haka aka yi, abin ya ƙara tsanani. Yaron ya fasa tukunya, ya yaga wa ƙaninsa riga, yana kallon uwar yana jira ta yi ihun da ta saba. Ta danne zuciyarta, ta miƙa masa allura da zare ta koma kan aikinta. Da ya gama ɗinkin, duk da ya karkace, ta kira sunansa ta ce ya yi kyau. Haka ta yi ta yi, mata suna yi mata habaici a bakin rijiya tana haɗiyewa. Isiyaku ma ya rataye dorina, ya sa yaron a kan zugazugi, yana kiran sunan a hankali cikin ƙarar masaba yadda ba kowa zai ji ba. Kafin gero ya nuna, ƙara ta ɗauke daga ƙofar gidan. Lurwanu da ƙafarsa ya je shagon Mudi ya bai wa Bashari haƙuri. Sau ɗaya aka sami tangarɗa. Mahaifiyar Sa'ade ta huce ta zo ta yi kwana biyu, bakin Sa'ade ya sake mutuwa a gabanta, ta koma cewa "wancan". A ranar yaron ya mari wani a bakin masallaci, Allah ya sa abin bai yi nisa ba.

Da aka cire amfanin gona aka taru a zauren mai unguwa. Aka ji shaidu, har Mudi ya yarda yaron ya sauya, amma ya kawo maganar marin bakin masallaci, ya ce shi bai gama sakin jiki ba. Mai unguwa ya ce to, an janye maganar gidan mari, amma da sharaɗi. Mutum ɗaya zai tsaya wa yaron, ya zauna a hannunsa, maganarsa ce za a bi a kansa. In kuwa ya sake zubar wa wani jini, ba sauran zama, ƙarfe ne kawai.

Ku ga ikon Allah. Yaron da watannin baya ba mai son ya raɓi ƙofarsa, yau mutum uku ke jayayya a kansa.

Kulu ta ce a ba ta. Ba don ita ba, da yanzu yana can da ƙarfe a ƙafa, malam bai sami wanda zai bincika ba, uwar ba ta sami wanda za ta kira ba. A hayi ba wanda ya san shi da sunan banza, kuma bai taɓa yi mata ɓarna ba ko sau ɗaya. Amma Isiyaku ya san har yau Yaya ba ta yarda da abin da malam ya gano ba, kuma miƙa mata yaron yana nufin a sake naɗe masa kaya a fitar da shi daga gidan da ya fara jin nasa ne.

Malam Nafi'u ya ce a ba shi. Ba don shi ba, da har gobe ana turare ana duka, wa'adin da aka roƙo ya ƙare a banza. An yi masa canjin wurin aiki zuwa birni, zai tafi da yaron gidansa cikin iyalinsa, ya ci gaba da karatu, ga likitan da ya san irin wannan matsala a kusa, domin a cewarsa aikin bai ƙare ba. Amma Isiyaku ya san malam bare ne, ba dangin iya ba na baba, kuma ya ga yadda bakinsa ya jawo wa Sa'ade abin da ya jawo.

Sa'ade ba ta iya dogon bayani ba. Daga bayan mata ta ce, "Ɗana ne, a bar mini shi." Ba don ita ba, da binciken malam ya tsaya a baki, da tarbiyyar Kulu ta tsaya a hayi. Ita ta sha shewa, ita ta sha fushin uwa. Amma Isiyaku ya san a gabanta ciwon ya fara, ya kuma ga yadda kwana biyu kacal na zuwan mahaifiyarta suka kusa rushe komai, ga shi tsohuwar tana nan da ranta, kuma za ta sake zuwa.

Mai unguwa ya juya ya ce, "Isiyaku, kai ne uba. Wa ka ba?"

Isiyaku ya sunkuyar da kai, zufa tana bin gemunsa. Lurwanu yana rakuɓe a bakin zaure yana bin manya da kallo ɗaya bayan ɗaya, kuma a duk taron nan ba wanda ya ga ya dace a tambaye shi inda yake so. Uban ya san in ya zaɓa daidai ya sami ɗa, in ya kuskure kuwa ba wata Kulu ko malam da zai sake roƙo a saurare shi.

To, a nan na sauke muku ita, kuma kada wanda ya ce mini a raba shi uku, yaro ba goro ba ne. Tsakanin gwaggon da ta tsayar da hukunci ta koya masa zama da mutane, da malamin da ya gano ciwon, da uwar da ta haɗiye kunyarta ta ba da maganin, wane ne a cikinsu ya fi cancanta Isiyaku ya damƙa masa yaron nan?